SHARHI: Mayaudari Da Rigar Mai Nasiha Yake Zuwa

Da za a tsaya a ƙofar kowane masallacin Juma'a a tambayi matasan da ke fitowa, ɗaya bayan ɗaya, ko akwai wanda za a iya yaudara a cikinsu, da wuya a sami mutum guda da zai amsa da cewa shi ne. Kowa gani yake yi yaudara cuta ce da ke kama wawaye da waɗanda kansu bai waye ba. Alhali kuwa tarihi, na da da na yanzu, cike yake da labarin mutane masu hankali, masu Sallah da Azumi, wasunsu ma mahaddata Alƙur'ani, waɗanda aka ja su sannu a hankali har suka wayi gari sun rasa dukiyarsu, ko rayukansu, ko kuma imaninsu, wanda shi ne asarar da ta fi kowace asara. Don haka ya zama wajibi ga duk matashin da ya damu da addininsa ya tsaya ya fahimci mece ce yaudara, kuma ta wace ƙofa take shigowa.

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, yaudara daban, ƙarya daban. Ƙarya in ta fito tsirara ba ta da kasuwa. Wanda ya shigo gari yana cewa yau rana daga yamma ta fito, dariya za a yi masa. Yaudara ita ce ƙaryar da aka yi wa sutura da gaskiya. Wannan ya sa malamai suke kiranta talbisi, kalmar da tushenta ɗaya da libasi, wato tufafi. Ibnul Jauzi, malamin Bagadaza wanda ya rasu a shekara ta 597 bayan Hijira, ya rubuta littafi guda sukutum a kan wannan mas'ala mai suna Talbisu Iblis, kuma abin lura shi ne mafi yawan babukan littafin a kan yadda ake ruɗar malamai ne, da masu wa'azi, da masu yawan ibada, da masu mulki. Akwai kuma kalmar gururi, wato mutum ya natsu da wani abu saboda ya yi daidai da son zuciyarsa, yana zaton alheri ne a gare shi. Bahaushe ma ya san abin a kasuwa, shi ne algus: a zuba hatsi mai kyau a bakin buhu, a bar ruɓaɓɓe a ƙasa. Mai saye da ya zura hannu ya ɗebo, abin da ya gani mai kyau ne da gaske. Haka nan yaron da ya ɗana wa tsuntsu tarko, tsabar da yake watsawa tsaba ce ta haƙiƙa, ana iya cinta. Abin da tsuntsu bai gani ba shi ne zaren da ke ƙarƙashinta.

Yaudara ta farko da aka yi wa ɗan Adam ta ƙunshi dukkan darussan da ake buƙata. Alƙur'ani mai girma ya ba da labarin a Suratul A'araf da Suratu Ɗaha. Iblis bai je wa Annabi Adam (AS) da matarsa a matsayin maƙiyi ba, kuma bai ce da su su saɓa wa Ubangijinsu ba. Ya je ne a matsayin mai nasiha, har da rantsuwa. Ya nemo abin da zuciyar mutum take so, wato dawwama da mulkin da ba ya ƙarewa, ya rataya shi a jikin bishiyar da aka hana su. Sannan ya sauya wa hanin ma'ana, ya nuna musu kamar an hana su ne don kada su sami wani alheri. Ƙarshen labarin kuma yana cikin Suratu Ibrahim, inda aka bayyana cewa ranar Ƙiyama zai tsaya ya barranta daga duk waɗanda suka bi shi, ya gaya musu cewa shi bai da wani iko a kansu, kira kawai ya yi suka amsa, don haka su zargi kawunansu. Duk mayaudarin da ya zo bayansa, komai rawaninsa ko kwat ɗinsa, a wannan makaranta ya yi karatu.

Samiri ma da ya ɓatar da Bani Isra'ila bai kawo musu wani abu daga waje ba. Kayan adon da ke hannunsu ya tara ya narkar, ya ƙera musu ɗan maraƙi mai kuka, a lokacin da Annabi Musa (AS) ya tafi ganawa da Ubangijinsa. Mutanen da suka ga teku ya tsage da idanunsu, su ne kukan ɗan maraƙin zinare ya ɗauke wa hankali cikin 'yan kwanaki. Annabi Haruna (AS) yana tsakaninsu yana gaya musu cewa fitina ce, amma suka raina shi, har suka kusa kashe shi. Ashe ke nan ganin mu'ujiza jiya ba ya tsare mutum daga ruɗin yau, kuma idan ruɗi ya kama jama'a, mai faɗin gaskiya shi ne yake zama abin ƙi.

Labarin Musailamatul Kazzab na Yamama shi ma akwai abin dubawa a cikinsa. Malaman tarihi sun kawo cewa fitinar wani mutum da ake kira Rajjal ɗan Unfuwa ta fi ta Musailama kansa tsanani a kan Banu Hanifa. Shi wannan Rajjal ya zauna a Madina, ya koyi Alƙur'ani, mutanensa sun san shi da ilimi. Da ya koma sai ya ba da shaidar zur cewa wai Manzon Allah (SAW) ya yi tarayya da Musailama a cikin annabci. Jama'a suka gaskata saboda wanda ya faɗa. An kuma ruwaito cewa wani daga cikin mabiyan ya fito fili ya ce ya san Musailama maƙaryaci ne, amma maƙaryacin ƙabilarsa ya fi soyuwa gare shi a kan mai gaskiyar wata ƙabila. Sakamakon wannan shi ne yaƙin Yamama a zamanin Halifa Abubakar, inda mahaddata masu yawa suka yi shahada, har hakan ya zama sababin tattara Alƙur'ani wuri guda.

To, kada wani ya ce wannan labarin mutanen da ne. Iyayen matasan yau shaidu ne a kan abin da ya faru a Kano a 1980. Muhammadu Marwa, wanda ya fito daga garin Marwa a arewacin Kamaru, ya daɗe yana wa'azi a Kano, har aka kore shi a 1962 zamanin Sarki Muhammadu Sanusi na Ɗaya, daga baya ya dawo ya kafa sansani a unguwar 'Yan Awaki. Saboda yawan tsinuwar da yake yi a wa'azinsa ne mutane suka sa masa suna Maitatsine.

Tambayar da ta kamata a yi ita ce: me ya sa dubban matasa suka bi shi? Amsar tana cikin halin da ƙasa take ciki a lokacin. Shekarun 1970 shekaru ne na kuɗin man fetur. Wasu 'yan tsiraru suka kuɗance dare ɗaya, manyan motoci da benaye suka cika birni, kayan masarufi suka yi tsada. A ɗaya ɓangaren kuma farin da aka yi a farkon shekarun ya koro mutanen karkara zuwa birni. Gardi ko ɗan ci-rani da ya shigo Kano da allonsa da buzunsa sai ya tarar birnin da a da yake girmama almajiri, yana ba shi masauki a zaure da ragowar tuwo, yanzu ya gina katanga ya sa maigadi. Wannan matashi yana jin yunwa ta gaske da wulaƙanci na gaske. Da ya ji wani yana tsine wa masu kuɗi da masu mulki a bainar jama'a ba tsoro, kuma ya ba shi wurin kwana da abinci da 'yan'uwa, sai ya ji a karo na farko an san da zamansa. Zaluncin da Marwa yake nunawa da yatsa akwai shi, ba ƙirƙira ya yi ba. Wannan ita ce tsabar.

Zaren kuma sai ya biyo baya. Aka haramta musu rediyo da agogo da keke. Aka koya musu watsi da Hadisi. Aka raba su da sauran Musulmi, aka nuna musu duk wanda ba ya cikinsu ba a kan komai yake ba, malamai kuwa duk 'yan koren masu mulki ne, don haka ba wanda za a je a tambaya. Aka ba su layu da guraye aka ce makami ba zai kama su ba. A ƙarshe har aka ruwaito cewa mutumin ya yi da'awar annabci, kuma a lokacin mabiyan sun riga sun yi nisan da ba sa jin kira. Ranar 18 ga Disamba, 1980 rikici ya ɓarke a filin Shahuci, aka kwashe kwanaki fiye da goma ana zubar da jini a birnin Kano, har sai da gwamnatin Shagari ta turo soja. Hukumar binciken da Mai Shari'a Aniagolu ya shugabanta ta ƙidaya mutum 4,177 da suka mutu, shi kansa Marwa yana ciki. Wutar ba ta mutu a nan ba. Ta sake tashi a Bulumkutu ta Maiduguri da kuma Kaduna a 1982, da Jimeta a 1984, da Gombe a 1985. Mafi yawan waɗanda suka mutu, ta kowane ɓangare, talakawa ne 'ya'yan talakawa. Masu benayen da ake tsine wa kuwa ba abin da ya same su.

Da al'umma ta ɗauki darasi, da ba a sake ganin irin wannan ba. Amma sai ga shi daga 2009 an sake kwashe wasu matasan a arewa maso gabas ta wannan hanya, da sunan za a kawar da zalunci a kafa addini. Inda tafiyar ta kai su kowa ya gani. Ranar Juma'a 28 ga Nuwamba, 2014, aka tayar da bama-bamai aka kuma buɗe wuta a kan masallata a babban masallacin Juma'a na birnin Kano, aka kashe mutum fiye da 100. Matashin da ya fara da kishin addini, aka bi da shi mataki-mataki har ya ga kashe mai Sallah a sahun Juma'a ibada ce. Babu wanda ya gaya masa wannan ne ƙarshen hanya ranar da ya ɗaga ƙafar farko.

Yaudara kuma ba a fagen aƙida kaɗai take kamu ba. Wanda ya tsira ta ƙofar addini ana iya shigo masa ta ƙofar aljihu. A ƙarshen 2015 wani tsari mai suna MMM ya shigo Nijeriya, ƙirƙirar wani Barashe da ake kira Sajei Maburodi, wanda irin wannan tsarin nasa ya riga ya rushe da dukiyar mutane a Rasha tun 1994, har aka ɗaure shi. Alƙawarin shi ne ribar kashi 30 cikin 100 a kwana 30. Ba su kira abin kasuwanci ba, ba su kira shi riba ba, sai suka ce wai taimakon juna ne: ka ba da taimako, a ba ka taimako. Shekarar 2016 kuwa shekara ce ta matsin tattalin arziki, Naira ta faɗi, albashi ba ya isa. Waɗanda suka fara shiga an biya su da gaske, amma da kuɗin waɗanda suka shigo bayansu, don babu wata gona ko masana'anta da ke haifar da ribar. Su kuma waɗanda aka biya sai suka zama 'yan shela kyauta, kowa ya jawo ƙaninsa da abokinsa da maƙwabcinsa. Babban Bankin Nijeriya ya yi gargaɗi, aka ce hassada ce. A watan Disamba na 2016 aka rufe asusun mutane. Jari ya tafi, kuɗin makaranta ya tafi, kuɗin aure ya tafi. Duk da haka a watan Afrilu na 2025 sai ga wani mai suna CBEX, wanda ya yi alƙawarin ninka kuɗi a wata guda, shi ma ya nitse da dukiyar jama'a. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa.

Idan aka jera waɗannan labarai aka dube su da idon basira, za a ga hanya ɗaya ce ake bi, sunaye ne kawai suke canzawa.

Na farko, mayaudari yana neman inda bango ya tsage ne. Yunwa, rashin aikin yi, son aure ba hali, fushi a kan zalunci, son a san da mutum. Waɗannan duk buƙatu ne na gaske, shi ya sa maganarsa take shiga.

Na biyu, yana zuwa da fuskar da aka yarda da ita. Ko dai shi kansa ya yi shigar mutanen kirki, ko ya samo wani Rajjal da jama'a suka amince wa ya tsaya masa shaida. Sau da yawa ma wanda ya kai mutum ga halaka aboki ne na ƙut da ƙut wanda shi ma yaudararsa aka yi.

Na uku, yana sauya wa abubuwa suna. Riba ta zama taimako, kisan Musulmi ya zama jihadi, saɓa wa iyaye ya zama hijira, cin amana ya zama wayo. Da zarar suna ya sauya, zuciya ta daina jin ƙyamar abin.

Na huɗu, yana ba da ɗanɗano tun da farko, kuma ba ya neman abu babba a rana ɗaya. Alƙur'ani da kansa ya yi gargaɗi ne a kan bin takun Shaiɗan, domin taku-taku ake tafiyar.

Na biyar, kuma wannan ita ce alama mafi girma, yana toshe ƙofar tambaya. Zai raba matashi da iyayensa da malaman da suka karantar da shi, ya ce kada a saurari kowa sai shi, ya kuma sa gaggawa a cikin lamarin: yau ne ko ba a samu ba har abada. Wanda ya nemi hujja sai a ce imaninsa ne da rauni, ko matsoraci ne, ko ɗan leƙen asiri. Mai gaskiya ba ya jin tsoron a bincike shi. Annabi Ibrahim (AS) ya roƙi Ubangijinsa Ya nuna masa yadda Yake rayar da matattu don zuciyarsa ta natsu, kuma aka nuna masa. To wane ne wani malami ko shugaba da zai ce shi ya wuce a tambaye shi dalili?

Akwai kuma abin da yake tsare mutum a cikin ɓata ko bayan ya fara ganin alamu, wato kunya da girman kai. Wanda ya zuba kuɗinsa, ko ya ɓata da mahaifinsa saboda wata tafiya, ko ya jawo abokansa goma cikinta, yana jin nauyin ya dawo ya ce ashe ba haka ba ne. Sai ya ƙara nutsawa, yana kare mayaudarin fiye da yadda mayaudarin zai kare kansa. A nan ne bambancin Annabi Adam (AS) da Iblis yake fitowa. Dukkansu an yi musu umarni sun saɓa. Ɗaya ya amsa laifinsa nan take ya tuba aka ɗaukaka shi, ɗayan ya tsaya kare kansa aka la'ance shi. Don haka wajibi ne a kan 'yan'uwa, idan wani ya dawo daga rakiyar ɓata, su karɓe shi hannu biyu ba tare da gori ba, domin gori yana mayar da mutum inda ya fito.

A wannan zamani kuma aikin mayaudari ya ƙara sauƙi. Da sai ya kafa sansani a wata unguwa, yanzu kuwa wayar da ke aljihun matashi ta ishe shi. Ana yanke minti ɗaya daga karatun awa biyu a yaɗa a WhatsApp da Facebook da TikTok, a sa malami ya faɗi abin da bai nufa ba. Ana ɗauko hoton wani rikici na wata ƙasa na shekarun baya a ce jiya ya faru a garin kaza. Har an kai ga na'ura tana iya kwaikwayon muryar mutum da fuskarsa. Umarnin da ya zo a Suratul Hujurat na a bincika labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cutar da wasu mutane bisa jahilci a dawo ana nadama, yau ya hau kan duk mai riƙe da waya. Wanda ya tura abin da bai tabbatar ba ya zama ɗan aiken mayaudari, ko da niyyarsa mai kyau ce.

Kada kuma a fahimci wannan bayani a karkace. Ba ana nufin matashi ya naɗe hannu ya daina damuwa da halin da al'umma take ciki ba. Wanda yake cewa da talaka babu wani zalunci, ya yi shiru ya ci gaba da barci, shi ma mayaudari ne, kuma shi ne yake share wa irin su Marwa fage. Haka nan gwamnatin da ta bar miliyoyin matasa ba karatu ba sana'a, da mawadatan da suka hana Zakka, da malaman da suka kame bakinsu don abin duniya, dukkansu suna da kaso a cikin kowace fitina da ta cinye 'ya'yan talakawa. Abin da ake cewa shi ne, kasancewar ciwo gaskiya ne ba ya nuna cewa duk wanda ya zo da ƙullin magani likita ne.

Mafita tana farawa da ilimi, na addini da na zamani, a gaban malaman da aka san inda suka yi karatu kuma aka san rayuwarsu. Kishi ba tare da ilimi ba doki ne ba linzami, duk wanda ya riga hawa shi zai kai shi inda yake so. Sai sana'a, komai ƙanƙantarta, domin wanda yake cin guminsa yana da wuyar saye. Sai kuma matashi ya riƙe wasu tambayoyi da zai riƙa yi wa duk wata da'awa, ko daga bakin wa ta fito, har da wanda yake ƙauna yake ganin girmansa: mene ne dalili daga Littafin Allah da koyarwar ManzonSa? Wa zai amfana idan aka yi abin, wa kuma zai biya? Me ya sa ake gaggawa, me ya sa ake ɓoyewa? Shi mai kiran, ya sa 'ya'yansa da dukiyarsa a inda yake tura na wasu? Idan abin ya shige masa duhu, ya kwana a kansa, ya yi shawara da mahaifinsa da malaminsa, ya yi Istihara. Matambayi ba ya ɓata, kuma gaskiya ba ta lalacewa don an jinkirta mata kwana uku.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Waɗanda suka faɗa a 'Yan Awaki da Bulumkutu matasa ne masu jini a jika, masu son addini, kuma kowannensu ya yi imani a ransa cewa shi ba za a iya yaudararsa ba. Allah Ya nuna wa matasan wannan al'umma gaskiya Ya ba su ikon binta, Ya nuna musu ƙarya Ya ba su ikon guje mata, Ya kuma tsare su daga sharrin duk mai zuwa da rigar nasiha alhali wuƙa ce a hammatarsa. Amin.